Ƙarfen kariya a babur ɗin kwalta da daji: na ƙasa kawai, cikakke, ko murafu?

Duk wanda ya daɗe da babban babur irin na kwalta da daji ya san cewa faɗuwar da ta fi yawa ta tsaye ce, ba ta gudu ba. Ka zo juyawa a gangare, ka sauke ƙafa, ƙafar ta tarar da rami maimakon ƙasa, shi ke nan. Yamaha Ténéré 700 na farko, da ake yi wa kallon mara nauyi, kilo 204 ne da mai a tanki. Honda Africa Twin CRF1100L na 2020 kilo 226, BMW R 1250 GS kilo 249, yayansa mai tankin lita 30 kuwa ya kai 268. Idan irin wannan nauyi ya wuce wani mizani na karkata, ba ƙwanjin da zai dawo da shi, sai dai ka zare ƙafarka ka bar shi ya kwanta. Abin da zai faru da babur ɗin a wannan daƙiƙar shi ne abin da ake sayen ƙarfen kariya, wato bututun ƙarfe da ake ɗaurawa a gefen babur, dominsa.

Wanda ya tashi saye yakan tarar da hanyoyi uku a gabansa: ƙarfen ƙasa da ke zagaye inji kawai, cikakken saiti na ƙasa da na sama da ya haura har gefen tanki, ko kuma ya bar bututun ƙarfe gaba ɗaya ya sa murafu masu kauri a jikin inji tare da faranti a ƙarƙashinsa. Akwai ta huɗu da ake yawan tambaya a kai, wato a ba mai walda ya ƙera. Kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ga ma'aunin da nake ganin ya dace a auna su da shi.

Abin da za a duba

Na farko, mene ne ke fara taɓa ƙasa idan babur ɗinka ya kwanta? Amsar ta bambanta ƙwarai daga babur zuwa babur. A BMW mai injin da silindodinsa biyu suka fito hagu da dama, tsarin da wannan dangi ya gada tun daga R 80 G/S na 1980, murfin kan silinda ne ke shan dukan farko. Africa Twin yana da lagireto biyu, ɗaya a kowane gefe a bayan robobi, kuma samfurin DCT mai canja giya da kansa yana da kumburi a murfin inji na dama. A Ténéré 700, famfon ruwa da ke gefen dama ne ya fito fili. KTM 790 Adventure da ƙanensa 890 sun zo da wani salo, tankin mai ne ya sauko gefe biyu na injin da kariyar roba a kansa, don haka shi ne ke karɓar ƙasa. Suzuki V-Strom 650 kuwa rauninsa a gaba yake ta ƙasa, inda filtar baƙin mai da bututun salansa ke fuskantar duwatsu. Hanya mafi sauƙi ta sanin naka ita ce ka samu mutum biyu, ku shimfiɗa tsohuwar katifa ko ku samu ciyawa mai laushi, ku kwantar da babur ɗin a hankali, ka durƙusa ka duba. Minti goma ne, kuma zai gaya maka abin da hoton talla ba zai gaya maka ba.

Na biyu, kuma a wurina shi ne mafi girma: a ina ƙarfen yake kamawa? Bututun bai shanye dukan gaba ɗaya, yana shanye wani kaso ta hanyar lanƙwasa, sauran ya miƙa shi zuwa wuraren da aka ɗaure shi. Idan wuraren nan manyan notukan da ke riƙe inji ne a firam, wato ƙashin babur, guda uku ko fiye a kowane gefe, kuma akwai sandar da ta haɗa ɓarin hagu da na dama, to duka ya watsu. Idan kuwa ƙananan notuka ne da suka shiga jikin inji na alminiyum, ko wani ɗan kunne siriri a firam, to duk ƙarfin faɗuwar can zai taru. Mutane kan kama bututu su girgiza su ce wannan mai ƙarfi ne. Ƙarfin bututu ba shi ne abin yabo ba idan ya fi ƙarfin abin da aka ɗaure shi a kai. Ƙarfe mai kyau shi ne wanda zai lanƙwashe kafin jikin inji ya tsage.

Sauran ma'aunan sanannu ne: kuɗi, ƙarko, nauyi da faɗin da zai ƙara, wahalar ɗaurawa, da ko zai tare hanyar sabis. Sai haɗarin da shi kansa ƙarfen ke kawowa.

A nan ya kamata a kawar da wani zato. Ƙarfen nan babur yake karewa, ba ƙafar mahayi ba. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda aka fitar a 1981 bayan nazarin haɗurra 900 a yankin Los Angeles, ya gano cewa ragin raunin da ake samu a idon sawu da tafin ƙafa, ana biyansa da ƙarin rauni a cinya, gwiwa da ƙwauri. Baburan wancan zamani da ƙarafansu sun bambanta da na yau, gaskiya ne, amma har yanzu takalmi mai tauri da kariyar gwiwa su ne na ƙafa. Haka kuma batun gudu: ƙarfin duka yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu, don haka faɗuwa a kilomita 80 cikin awa ta ninka ta kilomita 20 sau goma sha shida. Ba wani bututu da aka ƙera don wannan.

Ƙarfen ƙasa kawai

Wannan shi ne tushe. Yana zagaye murafun inji, famfon ruwa, da kan silinda a baburan da silindarsu ta fito. Nauyinsa yawanci 'yan kilo ne, uku zuwa biyar, kuma yana zaune ƙasa kusa da inji inda ba a cika jin nauyi ba. A kuɗi yana tsakiya, kusan rabin cikakken saiti ko ya ɗan ɗara. Idan ka kwatanta shi da murfin inji da ya fashe baƙin mai ya tsiyaye a wurin da ba bakanike, faɗuwa ɗaya ta isa kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Rauninsa a bayyane yake. A ƙasa mai shimfiɗe, babur kan kwanta a kan ƙarfen da ƙarshen kan babur, robobi ba su taɓa komai ba. A wuri mai duwatsu ko gangare kuwa, dutse ɗaya da ya ɗago ya isa ya samu gefen lagireto. Abu na biyu da za a lura shi ne kwana: wasu ƙarafan ƙasa masu faɗi suna taɓa kwalta kafin matakin ƙafa idan aka kwantar da babur sosai, musamman da kaya da fasinja. Matakin ƙafa yana naɗewa idan ya taɓa, ƙarfen kariya ba ya naɗewa, ɗaga taya yake yi.

Cikakken saiti

Na sama yana kare lagireto, robobin gefe da tanki. Ga babur mai lagireto a gefe da robobi masu tsada, wannan ba kwalliya ba ce, domin lagireto da ya huje yana tsayar da tafiya kamar yadda fasasshen inji ke yi. Yana kuma ba da wurin ɗaura ƙarin fitilu da ƙananan jakunkuna, da wurin kamawa idan mutum biyu za su ɗaga babur daga taɓo.

Sai dai nan ne matsaloli suka fi taruwa. Nauyi ya kusa ninkawa, kuma rabin da aka ƙara yana sama da gaba, daidai inda ke sa babur ya ji nauyi a yashi da lokacin juyawa a hankali. Wato ƙarfen da ka saya don faɗuwa yana ɗan ƙara maka yiwuwar faɗuwar. Bayan haka, bututun sama dogo ne, nesa da inda aka ɗaure shi, don haka yana aiki kamar sandar ɓanɓare dutse: ƙaramin duka a ƙarshensa ya zama babban ƙarfi a gindinsa. Wanda ba shi da sandar haɗi ta gaba, ko wanda ya rataya a ƙarfen da ke riƙe fitila, yakan lanƙwashe ciki ya fasa robar da aka sa shi ya kare. Ni kaina na taɓa shiga wannan. Wani saiti mai araha da na ɗaura, ranar da babur ya kwanta a tsaye, bututun sama ya matsa ciki ya tsaga robar gefe tun daga sama har ƙasa. Da babu shi, da ƙila ƙarcewa kawai robar za ta yi. Garin neman gira aka rasa ido. Tun daga ranar, abin da nake fara dubawa shi ne tazara tsakanin bututu da roba. Idan yatsu biyu ba su shiga ba, ba na saye.

Sabis ma yana ƙara tsawo. A wasu babura sai an kwance na sama kafin a cire robobi a kai ga filtar iska ko fulogi. Tambayi wannan kafin ka biya.

Murafu da faranti, ba bututu

Masu shiga daji da gaske da yawa suna bin wannan hanya, kuma suna da hujja. Murfi mai kauri na roba mai tauri ko alminiyum a kan murfin kuloci da na janareta, kariyar famfon ruwa, ƙarfen ƙarfafa lagireto, faranti mai kyau a ƙasa, da kariyar hannu mai ƙashin alminiyum a ciki don kada hannun birki ko na kuloci ya karye. Babur ya zauna siriri, ba abin da zai maƙale a kututture ko bangon kwari, ba ƙarin jijjiga, nauyin kuma kaɗan ne. Ɗaurawa ma yawanci ba ta buƙatar taɓa manyan notukan da ke riƙe inji. Ga babur siriri kamar Ténéré 700, ko KTM mai tanki a ƙasa, wannan tsari yana da ma'ana sosai.

Abin da ba ya yi shi ne ɗage babur daga ƙasa. Robobi za su ƙarce, wani lokaci su fashe, kuma babur ya kwanta shame-shame, ɗaga shi ya fi wuya, ƙafa kuma ta fi saurin dannuwa a ƙarƙashi. Murfi yana jure gogayya, amma tsinin dutse da ya sauka a wuri ɗaya yana iya ratsa ƙarfinsa har jikin inji. Kuɗin kuma yaudara gare shi: kowane yanki da arha, amma idan ka tara su duka sai ka ga sun kamo ƙarfen ƙasa.

Akwai kuma 'yan dunƙulen roba da ake ɗaurawa a baburan tsere don su zame a kwalta. Ba na wannan fage ba ne. A ƙasa mai laushi nutsewa suke yi su kafe, kuma duk ƙarfin yana kan noti ɗaya.

Aikin mai walda

Shi ne mafi arha, kuma gwanin mai walda da ya fahimci batun wuraren kamawa yana iya fitar da abu mai kyau, musamman ga tsohon babur da kamfanoni suka daina yi wa kaya. Kuskuren da aka fi yi biyu ne: amfani da bututu mai kaurin gaske da ba zai taɓa lanƙwasa ba, da yin walda kai tsaye a jikin firam. Na biyun kada ka yarda da shi ko kusa. Zafin walda yana canja ƙarfin ƙarfen firam, kuma abin da ba ya kwancuwa, ba a iya musanya shi. Na kamfani kan zo da bututu mai faɗin milimita 22 zuwa 28 da kaurin bango kusan milimita 2. Wanda zai ƙera maka ya tsaya a wannan yanki, ya yi faranti masu rami da za su hau notukan da babur ya zo da su.

Wane irin ƙarfe?

Baƙin ƙarfe mai gasasshen fenti shi ya fi yawa kuma ya fi arha. Yana lanƙwasa ba tare da karyewa ba, ana miƙe shi, kowane mai walda yana iya gyara shi. Aibinsa tsatsa, duk inda ya ƙarce sai ka goge ka shafa fenti, kuma wani lokaci yana ci daga ciki idan ruwa ya samu ƙofa. Ƙarfe mara tsatsa ya fi tsada, ƙarcewa ba ta dame shi ba, ya dace da mai yawan bin ruwa ko iskar teku, amma gyaransa na son sandar walda ta musamman. Alminiyum nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfe ne, giram 2.7 a kan 7.85 a kowane santimita kubik, sai dai taurinsa ma kusan kashi ɗaya cikin uku ne, don haka dole a kaurara shi, kuma idan ya lanƙwashe aka ce za a miƙe shi yakan tsage. A faranti na ƙasa alminiyum ne sarki, a bututu kuwa ni baƙin ƙarfe nake zaɓa.

Game da na kamfanin babur da na masu kayan ƙari irin su SW-Motech, Touratech, Hepco & Becker, Givi, AltRider ko Outback Motortek, suna kaɗai ba ya yanke hukunci. Kamfani ɗaya kan yi tsari mai kyau ga wani babur, matsakaici ga wani. Nemi takardar ɗaurawa kafin saye, yawancinsu suna sa ta a intanet, ka ƙirga wuraren kamawa da idonka. Ka kuma tabbatar zai zauna da farantin da kake da shi, domin sau da yawa noti ɗaya suke rabawa, kuma na kamfanoni daban-daban ba lallai su jitu ba.

| Ma'auni | Na ƙasa kawai | Cikakken saiti | Murafu da faranti | Na mai walda |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Matsakaici | Mafi tsada | Kaɗan zuwa matsakaici | Mafi arha |
| Abin da yake karewa | Inji, famfon ruwa | Inji, lagireto, robobi | Jikin inji da ƙasansa | Ya danganta da ƙira |
| Nauyi | Matsakaici, a ƙasa | Mai yawa, rabi a sama | Kaɗan | Yawanci mai yawa |
| Ƙarko | Yana jure faɗuwa da yawa | Na sama ya fi saurin lanƙwasa | Murfi na cinyewa, a musanya | Tsatsa da tsagewar walda |
| Ɗaurawa | Awa ɗaya zuwa biyu | Rabin yini | Mai sauƙi | Sai an auna a jikin babur |
| Babban haɗari | Taɓa kwalta a kwana | Fasa roba, matsa wa firam | Tsinin dutse | Ya fi firam tauri |

Ɗaurawa

Ƙarfe mai kyau da aka ɗaura ba daidai ba ya fi rashinsa muni, don haka a nan zan ɗan tsaya. A yawancin baburan nan inji ɓangare ne na ƙashin babur, ba kaya ne da aka ɗora ba. Idan za ka zare notin da ke riƙe shi, tokare injin daga ƙasa da jak da guntun katako, kuma ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka taɓa ɗayan. In ka zare biyu lokaci guda inji ya sauka da milimita ɗaya ko biyu, za ka wuni kana neman ramin.

Sa dukkan notuka da hannu tukuna, zagaye uku ko huɗu, komai na rawa. Sai kowane ya shiga sannan ka fara ɗaurewa, manyan na inji a gaba. Wanda ya ɗaure na farko tamau zai tarar na ƙarshe ya kauce, sai ya tilasta shi, ya lalata zaren da ke cikin alminiyum, ko ya bar bututun a ɗame. Bututun da aka ɗaura a ɗame shi ne ke kawo jijjiga a matakin ƙafa, shi ne kuma ke tsagewa a wurin walda bayan watanni. Idan rami ya ƙi haɗuwa da tazara mai yawa, mayar da kayan, kada ka sa guduma.

Yi amfani da sifana mai awo, ka bi adadin da takardar ƙarfen da littafin babur suka bayar. Ɗiga ruwan kulle noti mai matsakaicin ƙarfi, shuɗin nan, inda takarda ta ce a sa. Jan yana buƙatar wuta kafin ya kwance. Zoben tazara da suka zo a leda kowanne da wurinsa, tsawonsu ya bambanta ko da ido bai gani ba. Bayan ka gama, juya kan babur har ƙarshe hagu da dama, danna gaba da birki ka ga ko madigadi zai taɓa, duba tiyon ruwa da wayoyi da salansa ko akwai mai gogar bututu. Bayan tafiyar farko ta kilomita kamar ɗari, sake bin notukan da sifana.

Bayan kowace faɗuwa kuma, kada ka tsaya a kallon fenti. Duba gindin, inda faranti ya haɗu da firam, ka nemi siririn layin tsagewa ko fentin da ya tattare. Ka sake auna tazarar yatsu biyun nan.

Wa ya dace da wanne

Mai BMW mai silinda a gefe ba shi da dogon tunani: ƙarfen ƙasa, tare da murfin kan silinda idan zai bi duwatsu, domin tsinin dutse na iya shiga tsakanin bututu. Na sama sai in yana son kare tanki.

Mai Africa Twin ko wani babur mai lagireto a gefe da ke shirin doguwar tafiya da kaya, nesa da inda ake samun kayan gyara, cikakken saiti ne nasa, amma mai sandar haɗi ta gaba da wuraren kamawa a firam.

Sabon mahayi, ko gajere a kan dogon babur, wanda yawancin tafiyarsa a kwalta ce kuma faɗuwarsa ta wurin fakin ce da juyawa, ƙarfen ƙasa da kariyar hannu sun ishe shi. Kuɗin na sama ya zuba a takalmi.

Gogaggen mai bin ƙananan hanyoyin daji a kan babur siriri, wanda ya riga ya haƙura da ƙarcewar roba, ya ɗauki murafu, ƙarfafa lagireto da faranti mai kauri. Mai V-Strom kuwa, kowanne ya zaɓa a cikin waɗannan, ya fara da farantin da zai rufe filtar baƙin mai.

Mai tsohon babur da ba a samun kayansa ya je wurin mai walda da hoton takardar ɗaurawa ta wani babur makamancin nasa, su zauna tare su nemo notukan inji da za a kama, kuma ya tsaya a wurin ranar da za a auna.